Dakon Zafi: Tambayoyi da Amsoshi Kan Yadda Ruwa da Iska Ke Yawo da Zafi a Gidajenmu na Kano

Na daɗe ina koyar da kimiyya a makarantar sakandare a nan cikin birni, kuma darasin da na fi ganin yara sun haddace ba tare da ya shige su ba shi ne na yadda zafi ke tafiya. Yaro zai rubuta shi daidai a jarrabawa, ya koma gida ya toshe tagar da ita ce kaɗai ke fitar masa da zafin ɗaki. Abin yana damuna, domin a garin da ma'aunin zafi ke kaiwa digiri 40 a watan Afrilu, wannan ilimi na zaman gida ne da lafiyar jiki. Tambayoyin nan wasu a aji aka yi mini su, wasu a majalisa bayan la'asar, wasu daga matan gida, ɗaya kuma daga bakin wani magini.

Malam, mene ne dakon zafi?

Zafi yana barin wuri mai ɗumi ya nufi wuri mai sanyi ta hanya uku. Ta farko ita ce ratsawa. Ka bar cokalin ƙarfe a cikin shayi, jim kaɗan ka ji har inda kake riƙewa ya ɗau zafi. Ƙarfen bai gusa ba, zafin ne ya bi ta cikinsa, kamar leburori sun jeru suna miƙa wa juna bulo kowa yana tsaye a inda yake. Ta biyu ita ce bugowa daga nesa, irin yadda rana ke dukan mutum, ko wutar jin ɗumi ke gasa maka fuska alhali bayanka na jin sanyi.

Ta uku ita ce maganarmu. Ka tsaya a Kantin Kwari ko kasuwar Dawanau ka dubi ɗan dako: ya ɗora kaya a ka, ya tafi da su da ƙafarsa, ya sauke, ya dawo ya ɗauki wasu. Haka ruwa da iska suke yi da zafi. Su ɗauke shi a inda wuta take, su tafi da shi, su sauke a wuri mai sanyi, su juyo. Shi ya sa nake kiransa dakon zafi. A littattafan makaranta sunansa kwanbekshin, kuma wani masani ɗan Ingila, William Prout, shi ne ya raɗa masa sunan a 1834 daga kalmar Latin mai ma'anar ɗaukar kaya a tafi da su. Ba ya faruwa sai a cikin abin da ke gudana: ruwa, mai, iska, hayaƙi, kunu mai ruwa-ruwa.

Me ke sa ruwan zafi ya hau sama, na sanyi ya sauko?

Ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da ya ji zafi yakan buɗe ya ƙara cin wuri, nauyinsa kuwa yana nan yadda yake. Saboda haka kofi guda na ruwan zafi bai kai kofi guda na ruwan sanyi nauyi ba. Tsakanin ruwa mai digiri 20 da mai digiri 80 bambancin bai wuce kusan kashi 3 cikin 100 ba, amma ya isa. Iska ta fi saurin buɗewa: mai digiri 40 ta fi mai digiri 20 sauƙin nauyi da kimanin kashi 6 cikin 100.

A tukunya, ruwan da ke gindi shi ke fara jin wuta, sai ya yi sauƙi. Na sama mai sanyi da nauyi ya nutso ya ture shi, shi kuma ya hau. Wanda ya sauko ya ji tasa wutar, wani ya sake turo shi. Haka za su yi ta zagaye har tukunya ta tafasa, wanda a Kano yakan faru a wajen digiri 98, ba 100 cif ba, saboda garin ya ɗara gaɓar teku tudu da kusan mita 500.

Akwai gyaran da nake yi wa ɗalibai kullum. Mutane na cewa zafi yana tashi sama. Zafi ba shi da alƙibla, duk inda sanyi yake can yake nufa, ko ƙasa ne ko gefe. Abin da ke tashi shi ne ruwan ko iskar da ta ɗauki zafin, kuma ba ta tashi sai don mai nauyi ta danno ta. A tashar sararin samaniya, inda abubuwa ke shawagi ba sama ba ƙasa, an kunna wuta an ga harshenta ya dunƙule kamar ƙwallo maimakon ya miƙe, domin babu iska mai nauyi da za ta sauko ta tura mai zafin.

Zan iya ganin abin da idona a gida?

Gani ya kori ji. Ka daskarar da zoɓo mai kauri wanda ba a sa wa sukari ba, ka sami kofin gilashi ka cika da ruwa mai ɗumi, ka bar shi ya natsu, sannan ka ɗora ƙanƙarar zoɓon a sama a hankali. Za ka ga jan ruwa yana zirarowa ƙasa kamar zare, yana taruwa a gindin kofi. Ruwan sanyi ne ke nutsewa.

Na sa hita a bokiti, sama ya yi zafi har yana tururi, amma ƙasa sanyi ƙalau. Hitar ce ta lalace?

Lafiyarta lau. Ka rataye ta ne a bakin bokiti, ruwan da ta ɗumama ya riga ya kasance a sama, to ina zai hau? Na ƙasa kuma mai nauyi ne, yana zaune a inda ya dace da shi. Dako ya tsaya ke nan, sai ratsawa, ruwa kuwa ba gwanin ratsa zafi ba ne. Shi ya sa masu ƙera butar lantarki suke sa abin ɗumamawar a gindi. Ka saukar da hitar ƙasa gwargwadon yadda aka yi ta ta nutse, ko ka gauraya ruwan. Amma don Allah ka zare ta daga soket kafin hannunka ya kusanci bokitin.

Me ya sa ruwa ba ya kamu a tukunya, amma tuwo da kunu sai an tsaya a kansu?

Wannan tambaya wata uwa ce ta yi mini ita, kuma na fi jin daɗinta a kan duk sauran, domin amsar tana hannun kowace mace da ta taɓa riƙe muciya.

Lokacin da kika ɗora sanwa, ruwa tsinkakke ne, yana juya kansa da kansa, ba ya buƙatar kowa. Da kin yi talge, abin ya fara kauri, zagayen ya rage gudu, sai kin riƙa motsawa. Idan kika zuba gari kika fara tuƙi, dako ya mutu gaba ɗaya, domin tuwo ba ya gudana. Abin da ke gindin tukunya yana nan a gindi yana shan wuta shi kaɗai, na sama kuma bai san ana yi ba. Muciyar da ke hannunki ita ce ta karɓi aikin ɗan dako: ke ce kike kwaso na ƙasa ki kai sama, ki danna na sama ƙasa. Abin da muciya ba ta kai gare shi ba shi ne ƙanzo. Dalilin da ya sa ake rage wuta idan an rufe tuwo ya turara ke nan, tunda yanzu zafi a hankali yake ratsawa, in an matsa masa sai gindi ya ƙone.

Haka nan kunu. Samansa ya yi yana ya huce, ka kurɓa da ƙarfi ya ƙona maka harshe, saboda kaurinsa ya hana zafin ciki fitowa. Shayi a kofi iri ɗaya tuni ya huce. Wannan ƙunar baki ma tana cikin tarihin kimiyya. Benjamin Thompson, wanda aka fi sani da Kaunt Rumford, ya yi ta mamakin yadda dafaffen tuffa mai kauri ke riƙe zafi har ya ƙona baki. Daga baya ya hangi ƙananan ƙura a cikin ruwan wani dogon ma'aunin zafi da ya ajiye a taga yana hucewa, suna hawa ta tsakiya suna saukowa ta gefe. A wajajen 1797 ya rubuta bayanin cewa ruwa da motsinsa yake kai zafi.

Mai shayi da ke ɗaga kofi yana tsiyayawa a wani, gwaninta ce kawai?

Akwai gwaninta, akwai kuma hikima. Dakon zafi iri biyu ne: wanda ke faruwa da kansa, da wanda ake tilastawa. Duk abu mai zafi yana da siririyar iska mai ɗumi da ke manne a jikinsa kamar riga, tana rage masa saurin hucewa. Idan ka kore ta ka kawo sabuwa, sai ya huce da wuri. Mai shayi yana miƙar da shayin ya zama dogon zare a cikin iska, kowane ɗigo ya haɗu da sabuwar iska, tururi kuma ya fita da nasa kason. Hura koko da baki, fifita abincin yaro da mafici, duk abu ɗaya ne.

Mai tsire da maƙeri kuwa, da maficinsu da zugazugansu, aiki biyu suke yi a lokaci guda: suna ba garwashi iskar da zai ci, suna kuma tura zafin inda suke so.

Fanka tana sanyaya ɗaki?

A'a. Jikinka take sanyayawa. Tana kore rigar iskar nan mai ɗumi daga fatarka, tana kuma busar da gumi, gumi kuwa idan zai bushe da zafin jiki yake tafiya. Barin fanka tana juyawa a ɗakin da babu kowa asarar wuta ce.

A tsakiyar bazara akwai abin lura. Fatar mutum tana wajen digiri 33 zuwa 35. Idan iskar ɗaki ta wuce haka, fanka zafi take kwaso maka, kuma abin da ya rage yana taimakonka shi ne bushewar gumi. Tsofaffi da marasa lafiya ba sa gumi sosai, saboda haka a irin wannan rana a jiƙa musu tawul a shafa a jiki, a ba su ruwa akai-akai, kar a bar su da fanka kaɗai a rufaffen ɗaki.

Don me ɗakin kakanninmu na ƙasa ya fi ginin bulo da kwano sanyi?

Maginin da na ambata shi ne ya kawo wannan, muka kusan awa guda muna tattaunawa. Duk wanda ya shiga Gidan Makama da rana tsaka, ko wani tsohon zaure a cikin birni, ya san sanyin da ake nufi. Kashi ɗaya na sirrin katanga ce mai kauri da rufin soro na azara da ƙasa, waɗanda zafin rana ke ɗaukar sa'o'i kafin ya ratsa su. Ɗaya kashin kuwa dako ne. Rufin yana da tsawo, iska mai zafi tana samun inda za ta taru can sama da kan mutane. 'Yar tagar da ake yi can kusa da rufi ita ce ƙofar fitarta. Tana fita, sabuwa na shigowa ta ƙofa. Tsakar gida kuma a buɗe take, da dare iska mai sanyi ta sauko ta kwanta a cikinta ta shiga ɗakuna.

Yanzu dubi abin da muke ginawa a sababbin unguwanni. Bulo mai rami, siriri. Kwano wanda da rana yakan wuce digiri 60. Silin a ƙasa-ƙasa, sararin da ke tsakaninsa da kwano a toshe ruf, iskar ciki ta gasu ta rasa mafita sai ta dinga turo zafi ta silin har tsakar dare. Taga ɗaya tak, a tsakiyar bango, ita ma an sa mata gilashi mai zugewa wanda rabinsa kaɗai ke buɗuwa. Sannan a cinye tsakar gida da ƙarin ɗakuna. A ganina mun yi sakaci babba a nan, mun bar ilimin da ke hannunmu muka koma dogaro da wutar lantarkin da ba kullum take samuwa ba.

Ba cewa nake kowa ya koma ginin ƙasa ba. Abin da na gaya wa maginin shi ne iska tana buƙatar ƙofa biyu, ta shiga a ƙasa, ta fita a sama. A bar ƙananan kafofi masu raga a saman bango dab da silin. A buɗe wa cikin rufi hanyar shan iska ta gefe biyu, a sa raga saboda tsuntsaye da ɓeraye. Tagogi su kalli juna, ko aƙalla su kasance a bango biyu daban. In da hali a ɗaga silin. Kuɗin waɗannan bai taka kara ya karya ba idan tun wajen aza gini aka yi tunaninsu.

Wanda kuma yake haya ba shi da ikon fasa bango, ga dabara: a bazara ka rufe tagogi da labule tun hantsi, lokacin da iskar waje ta fi ta ciki zafi, ka buɗe komai bayan isha'i. Idan kana da fankar tsaye, ka ajiye ta a bakin taga tana kallon waje, ta tura zafin ɗaki, iskar dare ta shigo ta ɗaya ɓangaren.

Me ya sa ake kafa na'urar sanyaya ɗaki a sama?

Domin iska mai sanyi saukowa take yi. A kafa ta a ƙasa, ƙafafu ne za su sha sanyi. Dalili ɗaya ne ya sa gidan ƙanƙara na yawancin firji yake a sama. Masu sayar da ƙanƙara da ruwan leda kuma sun san firiza ta kwance ta fi riƙe sanyi idan an ɗauke wuta: in ka buɗe ta, iska mai sanyi tana kwance a ciki kamar ruwa a rijiya, ita kuwa ta tsaye da an buɗe ƙofa sai sanyin ya zubo ƙasa. Kar kuma a manna firji da bango, ta baya da gefe yake fitar da zafinsa, yana son iska ta bi ta wuce.

Layi-layin ƙarfen da ke jikin injin babur da Adaidaita Sahu fa?

Suna ƙara faɗin wurin da iska za ta taɓa ta kwashi zafi. Idan laka da baƙin mai suka cike tsakaninsu, inji zai riƙa ɗaukar zafi. Mota kuwa dako biyu take yi: ruwa ya kwaso zafi daga inji ya kai lagireto, iska ta karɓa daga nan ta watsar.

Guguwa da hadari suna da alaƙa da wannan?

Su ne dakon zafi mafi girma da muke gani da ido. Rana ba ta ɗumama iska sosai kai tsaye, ƙasa take gasawa, ƙasa kuma ta ɗumama iskar da ke kanta, kamar dai tukunya a kan murhu. A bazara idan fili ya gasu, iskar da ke kansa takan ɓalle ta yi sama da sauri, ta gefe ta rugo ta cike gurbin tana juyawa, sai ka ga guguwa ta tashi da ƙura da leda. Shirwar da kake gani tana kewaya a sama da Dala ko Gwauron Dutse ba ta kaɗa fiffike, irin wannan iska mai hawa ta samu ta hau. Fasinjan da ya sauka a filin jirgin Malam Aminu Kano da azahar ya ji jirgi na girgiza, ita ce dai.

Da damina iska mai laima takan taso daga Tekun Atlantika ta iso mu. Idan zafin ƙasa ya ɗaga ta, tana hawa tana hucewa, domin kowace kilomita guda a sama zafi na raguwa da kimanin digiri 6 da rabi. Laimar ta koma ɗigon ruwa, girgije ya haɗu. Wannan komawar kuma tana sakin wani zafin da ke ƙara ingiza iskar sama, shi ya sa hadari ke tsayi har ya wuce kilomita 12. Iskar nan mai sanyi da ke kaɗowa da ƙura kafin ruwa ya sauka, har mata su ruga kwashe shanya, ita ce ta sauko daga cikin girgijen. Yawan hadarinmu da yamma ko da dare yake haɗowa, bayan ƙasa ta wuni tana shan rana.

Da hunturu da asuba hayaƙi ba ya tashi, sai ya kwanta a unguwa. Me ya sa?

Abin da ya faru da hitar bokiti ne aka maimaita a sararin sama. Daren hunturu ƙasa takan yi sanyi ƙwarai, iskar da ke kanta ta yi nauyi, mai ɗan ɗumi tana bisa. Kowa yana inda ya dace da shi, babu mai motsi. Hayaƙin murhu da na bola da na motoci sai ya rasa mai ɗaga shi, ya haɗu da ƙurar da iska ke kwasowa daga hamada, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Chadi. Sai rana ta ɗaga ta gasa ƙasa sannan dako ya dawo. Masu asma da ƙananan yara su ne ke shan wahalar wannan, don haka ƙona bola da daddare ko da asuba a watannin Disamba da Janairu cutar da maƙwabta ne.

Idan iska mai zafi tana fita da kanta, ina laifin shiga ɗaki da garwashi lokacin sanyi?

Tana fita ne idan ta sami ƙofa. A ɗakin da aka rufe taga aka toshe ƙasan ƙofa da tsumma, zagayawa kawai take yi a ciki. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, ba ta da wari ba ta da launi, nauyinta kusan ɗaya da na iskar da muke shaƙa, saboda haka gauraya take yi ta cika ɗakin. Mai barci ba ya farkawa ya ji ta. A ji ɗumi a waje ko a ɗaki mai buɗaɗɗiyar taga, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo. Bargo ma hana dako yake yi: yana tsare iska a cikin zarensa ya hana ta yawo da zafin jiki. Janareta shi ma wannan gubar yake fitarwa, wurinsa waje, nesa da taga, ba zaure ko baranda mai rufi ba.

Gas ɗin girki kuwa halinsa daban ne. Ya fi iska nauyi sau ɗaya da rabi zuwa biyu, idan ya tsiyaya ƙasa yake kwanciya, ya bi daɓe ya taru a lungu da ƙarƙashin kanta. Kafar sama ba za ta fitar da shi ba. Idan kika ji warinsa, ki rufe kan tukunyar gas ɗin, ki buɗe ƙofa da tagogi, kar ki kunna ko ki kashe makunnin lantarki, kar a ƙyasta ashana, a fitar da yara waje.

Idan kuma gobara ta tashi, Allah ya kiyaye, hayaƙi mai zafi sama yake taruwa ya riƙa saukowa a hankali. Iskar da ta fi dama tana kusa da ƙasa. A durƙusa a yi rarrafe zuwa ƙofa, wanda ya fita a ƙarshe ya ja ƙofar ɗakin da ke ci ya rufe, don kar wutar ta sami sabuwar iska.